Ana ta gina kwata amma ruwa bai daina shiga gidaje ba: fashin baƙi kan magudanan ruwa a unguwannin gefen Kano

Duk shekara idan damina ta kankama, musamman daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, labari ɗaya ne ke yawo a gidajen rediyo da shafukan sada zumunta a Kano: ruwa ya shiga gidaje a unguwa kaza, titi kaza ya koma kogi, katanga ta faɗa wa mutane. Nan take sai a rabu gida biyu. Wasu su ce laifin jama'a ne da ke zuba shara a kwata, wasu su ce gwamnati ce ta ƙi gina magudanai. Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce, me ya sa za a yi wa unguwa sabuwar kwata bara, bana kuma maƙwabciyarta ta gangare ta fara shan ambaliyar da ba ta taɓa gani ba? Kuma tsakanin ƙaramar hukuma da jiha da tarayya, wa ke da wuƙa da nama a kan hanyar ruwa?

Magudanar ruwa hanya ce guda ɗaya mai farko da ƙarshe, daga bakin indararon gida har zuwa rafin da zai karɓi ruwan. Ana yanke makomarta ne tun ranar da aka yanka gona aka mayar da ita fulotai, shekaru kafin ɗan kwangila ya iso da siminti. Unguwannin da ke bunƙasa a Kumbotso da Ungogo da gefen Nasarawa da Gwale sun isa misali, kuma abin da ke faruwa a can shi ne ke faruwa a kowane gari mai girma cikin sauri.

Ba kowace ambaliya ce ta kwata ba

Kalmar ambaliya ta haɗa abubuwa uku da maganinsu ya sha bamban. Akwai ta kogi, inda ruwan da ya sauka a nesa yake taruwa ya cika kogi ya tumbatsa, kamar yadda ake gani a Ringim da Auyo da Haɗeja. Akwai ta ɓallewar madatsa, irin wadda ta auka wa Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 bayan madatsar Alau ta fashe. Ta ukun ita ce ta cikin gari: ruwan da ya sauka a kan rufin gidajen unguwa da titunanta cikin awa ɗaya ko biyu, ya rasa inda zai bi. Ita ce ta fi yawa a Kano, ita ce kuma wadda hukuncin ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane ke iya hanawa ko haddasawa.

Kada a raina ta don ba kogi ba ce. Ruwan da ya ci garin Mokwa na jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025 ya hallaka mutum fiye da 150, kuma ministan albarkatun ruwa Joseph Utsev ya bayyana cewa ba daga madatsun Kainji ko Jebba ya fito ba. Ruwan sama ne mai ƙarfi ya tarar an toshe hanyarsa da gine-gine.

Abin da ke faruwa idan gona ta zama unguwa

Ruwan da Kano ke samu a shekara yakan kai wajen milimita 800 zuwa 1,000. Matsalar ita ce kusan dukansa yana sauka ne cikin wata huɗu, kuma yakan zo kamar da bakin ƙwarya cikin ɗan lokaci. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 ya kai wajen murabba'in mita 450. Idan aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, lita 22,500 ce ta sauka a wannan fuloti kaɗai, wato fiye da duro 110 masu cin lita 200.

Lokacin da wurin yake gonar gero, ƙasa ce ke shanye mafi yawan ruwan. A ƙasa mai rairayi da kunyoyi, abin da ke gangarewa bai cika wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Da zarar an yi rufin kwano, an yi wa tsakar gida daɓen siminti, an shimfiɗa intalok a ƙofar gida, kashi 80 zuwa 90 na ruwan waje zai fito. Unguwa mai cunkoson gidaje gaba ɗayanta tana fitar da wajen kashi 70.

A ɗauki unguwa mai faɗin hekta 100, wato murabba'in kilomita ɗaya, a ce an yi ruwan milimita 60 cikin awa guda. Tana gona, abin da zai riƙa fita ta gangarenta lita 3,300 ne a kowane sakan. Bayan ta cika da gidaje zai kai lita 11,700 a sakan. Tankar mai ta lita 33,000 ke nan tana juye cikinta a bakin unguwa duk bayan sakan uku. Ruwan saman bai ƙaru ba, ƙasar da za ta sha shi ce aka rufe. Bayan yawa kuma ga sauri, domin ruwan da a da yake ɗaukar awa biyu yana ratsa kunyoyi, yanzu cikin minti ashirin ya iso ta kan siminti, duk a lokaci ɗaya.

Wannan ne ya sa dattijo zai ce shekara arba'in yana gidansa ruwa bai taɓa shigar masa ba sai yanzu, kuma gaskiya ya faɗa. Gidansa bai motsa ba, gonakin da ke samansa ne suka zama unguwanni.

Kwata, lambatu, kwalbati da mafita

Tsarin magudanai kamar bishiya yake. Ƙananan kwatocin layi su ne rassa, suna zuba wa manyan kwatocin bakin titi, su kuma su zuba wa lambatu, lambatu ya kai ruwan mafita, wato rafi ko kogi ko tafki. Kwalbati kuwa shi ne inda ruwa ke ratsa ƙarƙashin titi ko layin dogo. A Kano mafita biyu ce babba. Arewacin birni yana zuba ruwansa a Jakara, wadda ta ratsa cikin gari ta wajen kasuwar Kurmi, ta haɗu da Getsi mai fitowa daga Bompai, ta ƙare a madatsar Wasai da ke Minjibir. Kudanci kuma yana gangarawa ta Salanta da Tatsawarki zuwa ɓangaren kogin Challawa.

Kwatar da aka saba ginawa a layukan unguwa, mai faɗin santimita 60 da zurfin 60, idan kankare ce mai santsi kuma tana gangara mita ɗaya a kowace mita 200, tana ɗaukar wajen lita 580 a sakan in ta cika maƙil. A irin ruwan da aka ambata, wannan ya ishi hekta biyar ne kawai. Unguwar hekta 100 tana buƙatar lambatu mai faɗin wajen mita 3 da zurfin da ya haura mita ɗaya da rabi. To ina filin da za a gina shi, in ba a ware shi tun farko ba? A nan ne yawancin unguwanni suka maƙale: kowane layi yana da ƴar kwatarsa, amma babu uwar da za ta karɓa.

Ƙa'idar aikin ita ce a fara gini daga mafita a hauro sama. Abin da aka fi yi shi ne akasin haka. Ana farawa daga layin da ya fi yawan ƙorafi ko ya fi yawan masu faɗa a ji, a yi mita 500, kuɗi su ƙare, a bar bakin kwatar a buɗe yana kallon gidajen mutane. Ruwan da a da yake bazuwa a layuka goma yanzu an tattara shi wuri ɗaya, an ba shi santsin gudu, an sake shi a kan na ƙasa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Idan ƙasar wurin mai laushi ce, bakin kwatar ne ke fara cin ƙasa, rami ya riƙa ja da baya yana faɗaɗa duk damina har ya zama kwazazzabo. Wanda ya ga zaizayar Bulbula zuwa Gayawa, tsakanin Nasarawa da Ungogo, ya san inda ruwan gari marar mafita mai kyau yake kai unguwa.

Kwalbati ma yana da lissafinsa da ido ba ya gani. Bututu mai faɗin santimita 90 yana ɗaukar kusan ninki uku na mai santimita 60, don haka jera ƙanana biyu ba ya maye gurbin babba ɗaya, ga shi kuma ƙananan sun fi saurin toshewa da leda da reshen itace. Titin da aka ɗaga aka sa masa ƙaramin kwalbati ya zama madatsa, gidajen da ke samansa kuma su zama tafkinta.

Akwai kuma maganar da injiniyoyi ke yi ta ruwan shekara goma ko na shekara hamsin, wadda ake yawan yi wa mummunar fahimta. Ruwan shekara goma ba yana nufin sai bayan shekara goma zai dawo ba. Ma'anarsa a kowace damina akwai yiwuwar kashi 10 cikin ɗari ya sauka, yana kuma iya zuwa shekara biyu a jere. Kwatocin layi akan yi su don ruwan shekara 2 zuwa 10, manyan lambatu da kwalbatoci don na shekara 25 zuwa 50. Wato duk kyawun kwata akwai ranar da ruwa zai fi ƙarfinta. Tsari na gari shi ne wanda ya tanadi inda rarar za ta bi a wannan rana: titi ya zama ƙasa da dandamalin gidaje, ya gangara zuwa fili ko rafi.

Kududdufan da aka cike

Tsohon birnin Kano an gina shi da ƙasar da aka haƙa a cikinsa, ramukan da suka rage su ne kududdufai. Shekaru aru-aru su ne ke karɓar ruwan unguwanni su riƙe shi, wani ya tsotse cikin ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, wani ya malala a hankali. Kududdufi mai faɗin hekta ɗaya da ke da sararin mita biyu kafin ya cika yana riƙe lita miliyan 20. Ruwan da unguwar hekta 100 ke fitarwa a wancan misali lita miliyan 42 ne. Kududdufi ɗaya ya ɗauke kusan rabi.

An cike da yawansu da shara da ɓaraguzai an yi shaguna da gidaje. Masu goyon bayan cikewa suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: yara na nutsewa a ciki, sauro na hayayyafa, wari ya hana maƙwabta sakat, ɓata-gari na fakewa. Amma duk wannan hujjar gyara ce. Ana iya katange kududdufi, a yashe shi, a hana zuba shara, a yi masa ƙaramin bututun da zai zuƙe ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu kafin tsutsar sauro ta girma, tunda ita tana buƙatar wajen mako guda. Biranen duniya masu kuɗi suna sayen fili su haƙa irin wannan rami da gangan. Mu mun gaje shi kyauta. A ganina babu hukuncin da ya fi cutar da gari cikin sauri kamar sa hannu a cike kududdufi ba tare da an nuna inda ruwansa zai koma ba, domin ana yin sa cikin mako ɗaya, ba a kuma iya warware shi.

Awon igiya, da tambayar wa ke da iko

Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ɓoye komai ba. Jadawali na Huɗu ya lissafa ginawa da kula da tituna da layuka da magudanan ruwa a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, haka ma kwashe shara. Sai dai ikon ƙasa ba a hannunta yake ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filin da aka ayyana a matsayin birni ga gwamna, ƙaramar hukuma tana da ta cewa ne kawai a filayen karkara. Tsara gari da ba da izinin gini kuma na jiha ne, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2003 a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya. A Kano hukumar KNUPDA ce ke riƙe da wannan, shara tana hannun REMASAB, manyan titunan jiha na ma'aikatar ayyuka, hanyoyin Zariya da Katsina da Maiduguri kuwa na tarayya ne.

Ɗigon ruwan da ya faɗo a rufin wani gida a Ungogo yana iya bin kwatar ƙaramar hukuma, ya shiga ta titin jiha, ya ratsa kwalbatin hanyar tarayya, ya faɗa rafin da ya ƙetara ƙananan hukumomi uku. Ƙwaryar birnin Kano kaɗai ƙananan hukumomi takwas ne: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Babu ɗaya a cikinsu da iyakarta ta dace da iyakar gangaren ruwa. Ciyaman ɗin da ya yi wa mutanensa aiki da zuciya ɗaya yana iya nutsar da mazaɓar wani ciyaman bai sani ba.

A tsakanin waɗannan hukumomi ne awon igiya ya sami gindin zama. Mai gona ya ga gari ya iso shi, ya kira dillali da mai awo, a ja igiya a yanka fulotai, mai unguwa ya shaida ciniki. Kowane taku na fili kuɗi ne, don haka ake matse layi har mota biyu ba sa iya giftawa, kwarin da ruwa ke bi a tsakiyar gonar kuma a zuba masa ƙasa tifa goma da rani a sayar da shi kamar sauran. Mai saye ba mugu ba ne. Ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa da ya gaji da haya, filin gwamnati mai tsari kuma ya fi ƙarfin aljihunsa ko bai samu ba. Hukumar tsara birane takan iso bayan an yi rufi. Kano ta taɓa samun babban tsarin gari na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, amma garin ya daɗe da tsere wa iyakokin da aka zana a lokacin.

Tun ran gini ran zane. A ranar awo, ware mita 10 ko 15 a bi kwarin da su asarar ƴan fulotai ce kawai. Bayan shekara goma, buɗe wannan hanya yana nufin rushe gidaje masu mutane a ciki. Mutumin da ya fi kowa sanin inda ruwa ke bi a wannan rana shi ne mai unguwa da dagaci da manomin da ya sayar, su kuma doka ba ta ɗora musu alhakin hanawa ba. Matakin da ƙaramar hukuma za ta iya ɗauka ba tare da ta jira kowa ba shi ne ta zagaya da masu unguwanni da safiyo a watan Agusta, a bi kowane kwari da ƙafa, a kafa turakun siminti a gefensa biyu, a shigar da shi taswira, a miƙa wa jiha ta ayyana shi a matsayin hanyar ruwa da ba a sayarwa. Kuɗin wannan bai kai na kwatar layi ɗaya ba.

Ina kuɗin suke?

A rabon asusun tarayya ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, bayan an cire albashin malaman firamare da na ma'aikata abin da ke isa teburin ciyaman don aiki kaɗan ne. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyansu kai tsaye, sai dai aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Akwai kuma asusun kula da muhalli da aka kafa a 1981, wanda matakan gwamnati uku ke da kaso a ciki, da shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace mai suna ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja.

Masu cewa ƴancin kuɗin ƙananan hukumomi zai magance ambaliya suna da rabin gaskiya. Zai taimaka wa yashe kwata da ƙananan gyare-gyare, waɗanda na kusa ne ya fi sanin su. Amma babban lambatu mai kilomita biyar da diyyar gidaje ya fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma, kuma in kowace ta samu kuɗi ta shiga gina kwatoci ba tare da taswira guda ta gangaren ruwa ba, na ƙasa ne zai ƙara shan wuya. Ga kuma wa'adi: ciyaman a Kano shekara uku yake yi. Kwatar da ake gani a bakin layi tana kawo ƙuri'a, filin da aka hana sayarwa don ruwan shekara ashirin masu zuwa kuwa sai dai ya jawo masa abokan gaba.

Inda aikin ke lalacewa a hannun ɗan kwangila

Kuskure na farko shi ne gangara. Ana haƙa kwata da ido, tana bin hawa da saukar titi, ba a ɗora na'urar awo ba. Sai a sami tsakiyarta ta fi bakinta zurfi, ruwa ya kwanta rani da damina. Ruwa yana buƙatar gudun da ya kai wajen santimita 75 a sakan kafin ya iya tafiya da yashin da ya ɗauko, in bai kai ba a nan zai sauke shi. Na biyu, a gina bangon kwata ya fi titi tudu, ruwan titi ya rasa ƙofar shiga ya yi ta gudu a gefenta yana cin kwalta. Na uku, ƙwari. Kankaren da aka saba amfani da shi awo ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, wato buhu ɗaya da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Bango ya kai kaurin santimita 15 da rodi a ciki, a bar ƙananan huda don ruwan bayan bango ya samu fita, a kuma riƙa shayar da shi ruwa kwana bakwai. Kwatar da aka yi da bulo marar ciko, ranar da tifa ta taka gefenta za ta rufta.

Sai yashi, wanda ya fi leda ɓarna ko da yake leda aka fi gani. A unguwar da layukanta ba kwalta, kowane ruwa yana kwaso ƙasa ya zuba a kwata. Idan yashi ya cike rabin waccan kwata mai santimita 60, abin da take ɗauka yana faɗuwa zuwa ƙasa da rabi, wajen kashi ɗaya cikin uku, saboda gindinta ya daina santsi. Kilomita ɗaya a wannan hali yana ɗauke da ƙasar da ta kai sawu 18 na babbar tifa. Matasan unguwa sukan yi aikin gayya su yashe, abin a yaba ne ƙwarai, amma sai a tara ƙasar a bakin kwata babu motar kwashewa, ruwan farko ya mayar da ita. Yasa ba ta cika sai an kwashe a ranar ko washegari. Lokacinta kuma Afrilu da Mayu ne, sannan a sake zagayawa a tsakiyar Yuli kafin ruwan Agusta. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, NiHSA kuma ta biyo da na ambaliya kafin ruwa ya sauka, saboda haka ba za a ce ba a san lokaci ba.

A rufe ko a buɗe, a rushe ko a bari

Buɗaɗɗiyar kwata ta fi araha, ana ganin toshewarta, ana yashe ta da shebur. Amma tana kiran shara, yara da tsofaffi na faɗawa, tana kuma cin faɗin layi. Rufaffiya ta fi tsafta, tana ba da wurin tafiya, shi ya sa aka rufe wani sashe na Jakara aka shimfiɗa titi a kai a aikin Jakara zuwa Kwarin Gogau. Sharaɗinta shi ne a bar murafun da ake ɗagawa duk bayan ƴan mitoci, a sa ragar ƙarfe da ramin tare yashi a mashigai, a kuma sami ma'aikatan da aikinsu ke nan. Mai shago da ya zuba kankare ya shafe kwatar ƙofarsa tsawon mita ashirin ba murfi ya yi wa layin duka illa. Ƴan kasuwar Kantin Kwari da ruwa ya lalata wa kaya a daminar 2022 sun san abin da gini a kan hanyar ruwa ke jawowa.

Rusau shi ne mafi zafi. Ɓangare ɗaya na cewa gida biyar da suka tare kwari ba za su sa gida ɗari biyar cikin ruwa ba. Ɗaya ɓangaren na cewa waɗannan mutane da guminsu suka saya, a gaban shaidu, hukuma tana kallo suka yi gini, wani lokaci ma ta karɓi kuɗi a hannunsu. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, ta kuma tanadi diyyar abin da aka gina ga mai haƙƙin mallaka, sai dai mai takardar awon igiya sau da yawa matsayinsa a gaban doka ba shi da ƙarfi. Hanyar ruwa dole a buɗe ta. Adalci shi ne a fara nuna taswira da lissafin da ya tabbatar gidan ya tare hanya, a ba da wa'adi da rani, a biya diyya ko a ba da wani fili, a kuma fara da ginin mai ƙarfi kafin na marar ƙarfi. In aka tsallake babban shago aka rushe ɗakin talaka, ruwan bai samu hanya ba, jama'a kuma sun daina yarda da shirin.

Abin da ya shafi mai gida da mai neman fili

Asarar ba ta tsaya ga ranar ambaliya ba. Danshi na cin gindin katanga har ta tsage, ginin ƙasa kuwa sai ya zube. Masai da sokawe suna cika su haɗu da ruwan rijiya, daga nan amai da gudawa ya ɓulla. Kowa ya ɗaga ƙofarsa da bulo biyu ya tura wa maƙwabci, zumuncin shekaru ya lalace a gaban mai unguwa.

Mai niyyar sayen fili ya je ya gan shi a Agusta, awa ɗaya bayan an ɗauke ruwa. Ya duba zanen da ruwa ya bari a katangun maƙwabta, ya tona ƙasa ya ga ko ciko ce a kan baƙar laka, ya tambayi tsofaffin wurin sunansa na asali, domin sunan da ya fara da Kwarin ko Rafin ko Fadamar ko Tafkin ya riga ya ba da labari. Mai gini ya ɗaga daɓen ɗakunansa aƙalla santimita 45 sama da tsakiyar layi, yana tuna cewa ranar da za a yi kwalta layin zai ƙara tudu. Wanda ya bar kashi ɗaya cikin huɗu na tsakar gidansa ba siminti, ko ya sa tankin lita 2,000 a bakin indararo, ya rage wa layinsu ruwa a daidai mintunan da kwata ta fi shan wuya.

Idan kuma aka zo da aikin kwata unguwa, tambayoyin da ƙungiyar unguwa za ta yi wa kansila da injiniyan ƙaramar hukuma tun kafin a fara haƙa su ne: ina bakin wannan kwata zai ƙare, hekta nawa za ta ɗauka, an nuna wa unguwar da ke ƙasa zanen, kuma a kasafin wace hukuma aka sa kuɗin yashe ta a watan Afrilu mai zuwa.